Darasin Juma'a: Lokacin Ƙarshen Duniya a Littafin Maƙwabtanmu Kirista

Matasanmu na yawan ja-in-ja da maƙwabtanmu Kirista a kasuwa da tasha, wai Baibul ya saɓa wa kansa kan lokacin ƙarshen duniya. To, kafin mu buɗe baki, mu san abin da ke rubuce.

A Matiyu sura 24 aya 34, da Markus 13 aya 30, an ruwaito cewa Annabi Isa (AS) ya nuna alamomin da ya lissafa za su auku tun mutanen zamanin suna raye. Matiyu 16 aya 28 ma ta nuna wasu daga masu sauraronsa za su ga zuwan mulkinsa kafin su mutu. Amma a Markus 13 aya 32, aya biyu kacal a gaba, an ce sanin ranar na Allah ne kaɗai, mala'iku ba su sani ba, shi kansa Isa bai sani ba. Ga shi an kusa shekara 2,000 duniya tana nan. Nan ne tambayar take.

Malamansu fa suna da amsa. Wasu sun ce maganar "zamanin nan" tana nufin rushe ɗakin ibadar Yahudawa na Ƙudus, wanda Rumawa suka yi a shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da wasu almajiran ke raye. Wasu sun ce ana nufin al'ummar da za ta ga alamomin ƙarshe. Ayar Matiyu 16 kuwa, da yawa suna danganta ta da abin da sura 17 ta ba da labari, inda almajirai uku suka ga kamanninsa sun sāke a kan dutse. Akwai kuma masu binciken da suka ce Kiristocin farko sun zaci abin zai zo da wuri ne, shi ke nan.

Masu yanka rana kuwa sun sha kunya. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, wasu har suka rabu da dukiyarsu. Gari ya waye lafiya lau.

Mu a wajenmu, Suratul A'araf aya 187 ta rufe ƙofa: ilmin Sa'a na Allah ne. A hadisin Jibrilu, Manzon Allah (SAW) bai faɗi lokaci ba, alamomi ya faɗa. Don haka saƙon WhatsApp mai sa ranar tashin alƙiyama, ko da sunan Musulunci ya zo, kada mu tura.

Sannan mu baƙi ne a garin nan. Suratul Ankabut aya 46 ta umarce mu da kyakkyawar magana da Ahlul Kitabi. Wanda bai karanta ba ya yi shiru, wanda ya karanta ya faɗi amsarsu kamar yadda suka faɗe ta, ban da izgili. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.