Sabon ɗalibi, zumunci nawa za ka iya ɗauka?

Tun kafin ka gama layin rajista, takardun gayyata sun cika maka aljihu. FCS na kira, NIFES na kira, ɗaliban ECWA da COCIN da EYN kowa da ranar taronsa, 'yan Katolika na da NFCS, ga kuma ƙungiyar 'yan garinku. Yawancinsu da zuciya ɗaya suke nemanka. Sai dai kwanakin mako ba su ƙaru ba don ka shiga jami'a, kuma kuɗin da iyayenka suka biya na karatu ne.

Shawarata, ƙanena, kai da ƙanwata duka: ku yi watan farko kuna leƙawa, sannan ku zaɓi zumunci ɗaya ku zauna a ciki. Taura biyu ba ta taunuwa. Sujadar Lahadi daban ce. Wanda ke Samaru, alal misali, ga Chapel of Redemption nan a cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Taron tsakiyar mako nake nufi.

Daɗin kiɗa ba shi ne ma'auni ba. Ka lura ko ana buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta sashe guda a tattauna, ko aya ɗaya ake cirowa a yi awa biyu ana ɗaga murya a kanta. Ka duba ko ana tashi a kan lokaci. Ka tambaya wa ke riƙe baiko, kuma ko ana karanta lissafinsa a gaban kowa. Ka kuma bincika a hankali ko shugabannin suna shiga lacca. FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, da NIFES ta 1968, suna da manya a sama da za a kai wa ƙara idan abu ya karkace. Taron da ɗalibi ɗaya ya kafa, shi ne fasto, shi ne ma'aji, ba mai ce masa kul, wannan kam sai da taka-tsantsan. In aka ce ka kawo kuɗin makaranta ka shuka iri, ko ka daina jin maganar iyayenka don wai ba su da ruhaniya, kada ka koma.

A shekarar farko kada ka karɓi muƙami. Ka ɗauki hidima ɗaya mai iyaka, ko mawaƙa ko jera kujeru. Ɗan aji ɗaya bai iya cewa a'a ba, shi ya sa ake jibga masa aiki, ya wayi gari Litinin yana kwamiti, Laraba yana gwajin waƙa, Juma'a yana kwanan addu'a. Makin da ya zube a aji ɗaya kuwa yakan bi mutum har ranar da zai karɓi takardarsa.

Ba na raina kwanan addu'a. Amma wanda ya kwana a tsaye, gobe da ƙarfe takwas yana da jarrabawar lissafi, bai yi wa kansa adalci ba, kuma bai kamata ya ɗora wa Shaiɗan laifi ba idan sakamako ya fito. Surar farko ta littafin Daniyel ta nuna shekara uku aka ware masa shi da abokansa suna koyon harshe da ilimin Kaldiyawa a Babila, kuma da sarki ya gwada su sun ci. Ka rubuta awannin karatu a jadawalinka kamar yadda ka rubuta na addu'ar safe, ka kiyaye su duka biyun.

Gwajin da ya fi wuya daga ɗan'uwa yake zuwa. Wanda kuka raira waƙa tare jiya zai ce ka sa masa hannu a takardar halartar lacca, ko ka ɗan karkato masa takardarka a zauren jarrabawa, wai ƙauna ce. Satar amsa ce, kuma idan aka kama ku, ku biyun za a gurfanar gaban kwamiti, abin da kan kai ga kora. Ka faɗa masa a'a tun da sauran mako biyu, sannan ka zauna ka koya masa abin da bai gane ba.

A ɗakin kwana kuma, mai yiwuwa gadon sama na Musulmi ne. Kada ka gifta ta gabansa yana salla, kada ka kunna wa'azi da lasifika yana barci, da azumin Ramadan ka ɗan kau da kwanonka. Gardamar addini ta tsakar dare ba ta cika haifar da komai ba sai gaba. In ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka amsa masa a natse, ba zagi.

Kada ka yanke da cocinku na gida. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata takwas, kuma zumuncin makaranta ba ya bin kowa ƙauye. Ka riƙe lambar fastonku ko wani dattijon ikilisiya da ya san gidanku. Duk koyarwar da ka ji a makaranta ta ɗaure maka kai, ka kira shi kafin ka yi aiki da ita.