Darasi: Haramin Rijiya Da Ruwan Birnin Niyok

Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa ne, da dokar da ke tsare shi.

A makarantar ilimi mun karanta cewa rijiya tana da harami, wato filin da ke kewaye da ita, wanda ba a yarda kowa ya yi abin da zai cuci ruwanta a ciki ba. Mun kuma ji cewa Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina ya zama hima, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Yawancinmu mun haddace mun wuce. To ga wani birni da ba da fiƙihunmu yake hukunci ba, amma wuya ta kai shi ga wannan mas'ala, kuma 'yan zango da yawa da ke Bronx ruwansa suke sha, da shi suke alwala.

Da can mutanen Niyok suna ɗiban ruwa a wani tafki da ke cikin gari, sunansa Collect Pond. Majema da mahauta suka kewaye shi, kowa yana zuba ƙazantarsa, babu mai hanawa, har ya lalace aka cike shi da ƙasa wajen 1811. A 1832 kwalara ta kashe mutum kusan 3,500. Sai a 1842 aka jawo ruwan kogin Croton daga nisan mil 41.

Da gari ya ƙara girma, dokar jiha ta 1905 ta ba birnin ikon karɓar filaye a duwatsun Catskill. A nan ne muke so mu tsaya, domin doka takan tsare ruwa ta kuma danne talaka. Kafin a gama madatsar Ashokan a 1915 an tashi mutum wajen 2,000, ƙauyuka suka nutse, aka tone kaburbura aka sake musu wuri. Jikokinsu ba su manta ba.

A 1989 hukumar kare muhalli ta Amurka, bisa dokar ruwan sha ta 1974, ta ce duk garin da ke shan ruwan kogi ko tafki dole ya tace shi, sai fa in ya nuna yana tsare mafarin ruwan. Matatar da Niyok za ta buƙata an ƙiyasta za ta ci dala biliyan 6 ko fiye. Birnin ya zaɓi tsaron, ya fito da ƙa'idoji masu tsauri a 1990 ba tare da ya zauna da manoma da makiyayan yankin ba. Su kuwa suka ce a kai kasuwa, garuruwansu suka haɗa kai suka tafi kotu. Mu dai ba mu ga laifinsu ba: an ci gonar kakanka, yanzu kuma an zo ana gaya maka inda saniyarka za ta sha ruwa.

A watan Janairu 1997, zamanin Gwamna George Pataki, aka sa hannu a yarjejeniya. Ƙa'idojin suna nan, amma birnin ya ɗauki nauyin kuɗinsu. Zai sayi fili ne kawai daga wanda ya yarda ya sayar, a farashin kasuwa, ya kuma biya harajin filin. Shi zai gyara ramukan masai na gidaje da wuraren tace ruwan ƙazanta, ya biya kuɗin shingen da ke raba shanu da rafi da wurin tara taki. Daga lokacin ya sayi fiye da eka 100,000. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da mutum sama da miliyan 9 ke sha daga Catskill da Delaware yake zuwa, ana sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta amma ba a tace shi. Yankin Croton kuwa, da aka bari gidaje da tituna suka cika shi, sai da aka gina masa matata a Bronx, aka buɗe ta a 2015, ta ci fiye da dala biliyan 3.

Yanzu mu dawo gida. Gana ta kafa hukumar kare muhalli da doka tun 1994, amma kowa ya ga launin kogin Pra da Ankobra saboda galamse, kowa ya san abin da muke zubawa a babban gwatan Nima yana bin Odo zuwa Korle. Dokarmu tana a takarda. Abu biyu da suka sa ta Niyok ta yi aiki, tsoron hukunci da biyan haƙƙin wanda aka hana, su ne namu ke rasawa. Matashin da ke haƙar zinari ba zai bar ramin ba in ba a nuna masa wata hanyar abinci ba, mai kuɗin da ya sayo masa inji kuma ba zai daina ba in ya san ba mai taɓa shi.

A zama mai zuwa kowane reshe ya zo da amsa: daga ina ruwan famfon unguwarku yake tasowa, wa ke zaune a bakinsa, kuma ina ruwan alwalar masallacinku yake ƙarewa?