Yadda Ake Buɗe Bayan Akwatin Sifika

Mai karatu, idan sifikar masallacinku ta fara kakari, kada a yi saurin cewa ta mutu. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta taru. Wani lokaci zanzaro ne ya yi gini a ciki, ko ɓera ya ci waya. Sai an buɗe bayan akwatin za a gane.

Da farko a zare ta daga wuta, a cire batir. A kife akwatin a kan tabarma. A kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya, a zuba a kwano. Wanda ya faɗa cikin yashi da wuya a sake ganinsa.

A ɗaga marfin a hankali, kada a fizga. Galibi akwai wayoyi 2 manne da shi, ja da baƙa. A lura da inda kowace take.

A bayan sifika akwai maganaɗisu mai ƙarfi. Yakan ja sukudireba, ta huda baƙar takardar nan mai fitar da murya. In ta huje, murya ta lalace. A share ƙura da gashin kaza, ban da ruwa.

Amma in da amfilifaya a cikin akwatin, kada a sa hannu. Wasu kayanta sukan riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma wutar tana iya kisa. A kai wa mai gyaran rediyo a Dutse ko kasuwar Shuwarin.