Darasi: Yadda Ake Tsara Hannun Mutum-mutumi Mai Miƙewa da Tsukewa

Darasinmu na yau a kan hannun mutum-mutumin gasa ne, irin wanda bututu ke shiga cikin bututu kamar eriyar rediyo. Ni asali mai rubuta manhaja ne, amma na gano cewa in ƙarfe bai zauna daidai ba, babu kod ɗin da zai gyara shi.

Me ya sa ake buƙatarsa?

Mu ɗauki gasar FIRST Robotics Competition, wadda aka fara a Amurka a 1992. A wasan 2023 mai suna Charged Up, dole mutum-mutumi ya fara wasa a tsuke cikin iyakar firam ɗinsa, sannan ya miƙa hannu ya ajiye kaya a kan matakai masu nisa. Doka ta hana hannun wuce inci 48, kusan santimita 122, daga gefen firam. Wasan duka minti 2 da daƙiƙa 30 ne, don haka hannun da ya maƙale sau ɗaya ya cinye maka maki.

1. Bututu da boris

Yawanci ana amfani da bututun alminiyam mai kusurwa huɗu, misali inci 2, inci 1.5 da inci 1, kowanne cikin ɗan'uwansa. Mai kusurwa ya fi zagayayye domin ba ya juyawa a cikin na waje. Kada ka bar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Sa boris ko ɗan toshin roba mai santsi a wuri biyu: bakin bututun waje da gindin bututun ciki.

2. Abin da ya rage a ciki

Nan ne sababbin shiga suka fi faɗuwa. In hannu ya miƙe gaba ɗaya, dole wani yanki na bututun ciki ya rage a cikin na waje. Ga lissafi. A ce maƙamshi da kayan da ya ɗauka sun kai kilo 2, wato kusan niyutan 20, kuma suna nesa da boris na gaba da mita 1. In tazarar boris biyun santimita 10 ce, na baya zai ɗauki niyutan 200, na gaba 220. In ka mai da ita santimita 20, sai su koma 100 da 120. Ka ga ƙarin santimita 10 ya rage nauyin kusan rabi. Gara ka rasa ɗan tsawo da hannu ya riƙa lanƙwasa.

3. Ɗaurin igiya

Hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko ita ce ɗaurin bi-da-bi: igiya ɗaya ce doguwa ke ratsa duk bututun ta kan fuli, wato ƙaramar taya mai kwari. Moto ba ya shan wahala sosai, amma hannun yana fita a hankali, kuma bututun da ya fi santsi shi ke fara fita, ba wanda kake so ba.

Ta biyu ita ce ɗaurin tare. Moto na tura bututu na farko kawai. Wata igiya kuma an ɗaure ta a bututun da ba ya motsi, ta zagaya fulin da ke bakin na farko, ta kama gindin na biyu. In na farko ya fita santimita 10, na biyu ya yi 20. Sauri ya ninka, amma ƙarfin da moto zai bayar don ɗaga kayan shi ma ya ninka. Ni na fi son wannan, domin daga juyin moto za ka san inda kowane bututu yake.

Ka tuna igiya ja kawai take yi. Sai ka sa ta biyu ta dawo da hannun, ko ka bar sifirin ya fitar da shi, igiya ta dawo da shi. Zaɓi igiyar da ba ta miƙewa, irin su Dyneema.

4. Ɓangaren kod

Enkoda juyin moto take ƙirgawa, ba tsawon hannu ba. Kwarkwaro mai kaurin santimita 4 yana naɗe kusan santimita 12.6 a juyi ɗaya. In igiya ta hau kan kanta, kauri ya ƙaru, lissafi ya kauce. Na taɓa tsinka igiya a gwaji saboda na yarda da enkoda ita kaɗai, moto ya ci gaba da ja bayan hannu ya kai ƙarshe. Tun daga ranar nake sa makunnin iyaka a gindi don mayar da ƙirga sifili, ina kuma ƙayyade wutar da moto zai iya ja.

Abu na biyu, nauyin da kafaɗa ke ji yana canzawa. Niyutan 20 a rabin mita niyutan-mita 10 ne, a mita 1.5 kuwa 30. Ajin ArmFeedforward na WPILib yana ɗaukan lambar nauyi ɗaya ce, don haka sai ka riƙa lissafa ta daga tsawon da hannu yake a lokacin. Kuma ka umarci hannu ya tsuke kafin ya juya, don kada mutum-mutumin ya kife.

Aikin gida

Kafin ka sayi alminiyam, samo bututun roba biyu masu shiga juna da kwalbar ruwa lita 1. Rataya kwalbar a baki, ka gwada barin santimita 5, 10 da 20 a ciki, ka lura da yadda bakin ke sunkuyawa. Rubuto mana abin da ka gani. A darasi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba yadda ake zaɓen giya don moton kafaɗa.