Yadda Ake Ɗibar Ruwan Laka Don Gano Kumburin Jijiyoyi

Mutum ne ƙafafunsa suka yi nauyi, takalmi ya zame masa bai sani ba, hawa bene ya gagare shi, abin kuma kullum gaba yake yi har ya haura mako 8. A nan likita kan yi zargin cutar CIDP, wadda garkuwar jiki ke far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Ɓarnar takan kai har saiwoyinsu, inda suke tsirowa daga laka. Saiwoyin nan a cikin ruwan laka suke kwance, idan suka kumbura sai furotin ya riƙa tsiyaya cikinsa. Dalilin ɗibar ruwan ke nan.

Da farko majinyaci zai kwanta ta gefe, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji don ƙasusuwan baya su buɗe. Likita ya lalubo saman ƙasusuwan ƙugu, ya auna wurin da zai soka a tsakaninsu, ya goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi allurar kashe zafi. Sannan ya zura siririyar allura a hankali.

Nan ne jama'a ke tsorata, tun daga abin da suke ji lokacin sanƙarau, wai allurar na shanye ƙafafu. Amma ita laka a jikin baligi tana ƙarewa ne sama da inda ake sokawa. Ruwan da ake tara wa 'yan kwalabe kuwa kaɗan ne, jiki na samar da kusan rabin lita kullum. Abin da ya fi biyowa baya shi ne ciwon kai, kuma yakan wuce.

A ɗakin gwaji abu biyu ake dubawa. Furotin a lafiyayyen ruwa ba ya cika wuce miligiram 45 a desilita. A wannan cuta yakan haura, fararen ƙwayoyin jini kuma ba su kai 10 a mikirolita ba. Guillain, Barré da Strohl ne suka bayyana wannan saɓani a 1916, kan sojojin Faransa biyu masu nau'in da ke zuwa farat ɗaya. Idan ƙwayoyin suka yi yawa, dole a binciki ƙanjamau ko kansar jini.

Furotin kaɗai bai isa hujja ba, domin ciwon suga da tsufa ma suna ɗaga shi. Sai an haɗa da gwajin gudun saƙo a jijiya. Cutar tana jin magani, jinkiri kuma yana lalata jijiya. In likita ya nemi ɗibar ruwan laka, don Allah kada a hana shi.