Me Ya Sa Aka Ɗora Yayata Kan Ƙwaya Har Shekara 5?

Tambaya: An cire wa yayata nono a Damagaram saboda ciwon daji, aka ce ta riƙa shan wata 'yar ƙwaya, tamoksifen, kullum har shekara 5. Maƙwabciyarmu mai irin ciwon ba a ba ta ba. Yanzu Yaya tana fama da zufa cikin dare, dangi na cewa ta bari tunda an riga an cire dajin. Wane aiki ƙwayar take yi? Daga wata mai karatu a Dogo-Dogo, Dungas.

Amsa: Allah ya ba Yaya lafiya. Tun kafin mu yi nisa: kada ta bari.

Ƙwayoyin halittar jiki ba sa hayayyafa sai an ba su umarni. Wani umarnin daga nesa yake zuwa ta cikin jini, shi ne homon, kamar estirojin da gidan ƙwan mace ke fitarwa, wanda ke sa nonon yarinya ya fito lokacin balaga. Wani kuma daga maƙwabtan ƙwayoyi yake fitowa, ana kiransa sinadarin girma, shi ke sa fata ta haɗe idan lauje ya yanke ki. Kowane umarni kamar mabuɗi ne, ƙwayar halitta kuma tana da kwaɗon da ya dace da shi. Mabuɗi ya shiga ya murɗa, ƙwaya ta rabu biyu.

To, dajin nono da yawa yana riƙe da kwaɗon estirojin. Homon ɗin da ke jikin mace tun tana budurwa, shi ne yake ta ce wa dajin ya ƙaru. Wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya lura da haka tun 1896: ya cire gidan ƙwan wata mata mai dajin nono, ƙullutun ya saɓe. A 1941 Charles Huggins na Cikago ya nuna haka homon ɗin maza yake ciyar da dajin furostet, har ya samu kyautar Nobel a 1966.

Tamoksifen mabuɗin ƙarya ne. Yana shiga kwaɗon ya zauna, bai murɗa ba, bai kuma bar estirojin ya shiga ba. Wuƙar likita tana cire abin da ido ya gani, amma ƙwayoyin da suka sulale cikin jini suna iya laɓewa a ƙashi ko hanta shekara da shekaru, suna jiran umarni. Su ne tamoksifen yake hana wa umarnin. An tabbatar cewa shan shi shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan dajin da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ganina babu wani magani mai arha a fagen daji da ya kai shi amfani.

Maƙwabciyarku fa? Sunan ciwon ɗaya, halinsa ba ɗaya ba. Wani dajin ba shi da kwaɗon estirojin sam, ƙwayar ba za ta yi masa komai ba. Wani kuma, kusan ɗaya cikin biyar, kwaɗon sinadarin girma ne mai suna HER2 ya yi masa yawa, nasa maganin daban ne, Herceptin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, kuma yana da tsada. Ba a rarrabe su sai an yanki ɗan nama an auna. Na san a karkara ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan maganar ta sa mata da yawa sun zauna a ɗaki har ciwo ya fashe. Allurar gwaji ba ta yaɗa daji. Mai bukatar gashi kuma, wato a gasa dajin da hasken na'ura, tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai take yin sa.

Zufar dare sananniya ce ga masu shan ƙwayar, sau da yawa tana raguwa bayan 'yan watanni. Abin da ba a jira da shi: zubar jini ba lokacin al'ada ba, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa. Kada kuma ta ɗauki ciki tana kan maganin. Wannan sai a zauna da maigidanta a gaban likita.

Ki riƙe mata lissafin ƙwayoyin, ki sa a sayo sabon kwali tun na hannu bai ƙare ba. Dangin da ke cewa ta bari, ki karanta musu wannan amsar.