Tuwo kafin wasa ko bayan wasa?

Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƴan samariya sun yi ta wasan kwaikwayo gari-gari. In wasa ya zo Badagishiri, galibi bayan lisha ake farawa, sai dare ya raba a tashi.

To, yaushe za a ci tuwo? Wasu su ce a bari sai an komo. Yara fa? Barci zai kwashe su wurin kallo, su kwana da yunwa. Ga miya in ta daɗe cikin zafi tana lalacewa, ta kawo zawo.

Ni dai na ce a ci tsakanin magariba da lisha. Amma kar a cika ciki, don gyangyaɗi na hana kallo. Da wuri ke nan uwargida ta gama aiki, ita ma ta samu zuwa.